Ɗan Farin Goggo Tani a Cikin Fulofi

Goggo Tani ƙanwar babana ce, kuma duk Nariya da wuya ka sami wanda bai ci ƙuli-ƙulinta ba. In ka tambayi mutanen gari wace ce ita, abin da za su ce maka ke nan: mai ƙuli, mai man gyaɗa, ba ta rigima da kowa. Ni Jannatu da na tashi a gabanta na san abin ya wuce rashin rigima. Mace ce da ta saba haɗiye magana. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba, abin da ke cikina shi ke bakina, shi ya sa ma nake ba da labarin nan, don in ita aka bar wa, har ta koma ga Allah ba mai jin sa.

A Rurum Tsohon Gari ta yi aure, a can ta haifi ɗanta na fari, Haliru. Gidanmu akwai jinin Fulani, kuma kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsayawa ta dube shi ido cikin ido. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "yaron nan". Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi riƙo zuwa Rano, kowa na ganin ai ƙannensa na tafe, su za ta goya ta yi wa rawa son ranta. Ƙannen ba su zo ba. Ta yi ɓari, ta sake haihuwar mace ta koma tun kafin suna, daga nan haihuwa ta tsaya mata. Sai ya zama ɗan da al'ada ta hana ta kallo shi kaɗai ne ɗanta a duniya. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, babana ya ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu, a nan take har yau.

Haliru taubashina ne, ɗan goggo da 'yar kawu, don haka ni ba kunya tsakanina da shi, sai tsiya. Dogo ne, ga surutu, yana aiki a wani shago a Rano inda ake buga takardu da na'ura mai ƙwaƙwalwa ana kuma ɗaukar hoton fasfo. In ya zo Nariya sai ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta. Ita kuma ta ci gaba da murza tunkuzarta, fuska na kallon bango, ta ce, "Lafiya lau," shi ke nan an gama. Amma yana komawa zaure za ta cika kwano da ƙulin da ya fi kowanne soyuwa, ta miƙo mini ta ce, "Kai wa baƙon can." Baƙo fa! Ni abin har haushi yake ba ni tun ina budurwa.

Wata Babbar Sallah, a shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, ya zo da kyamarar maigidansa. Wata ƙatuwa ce mai nauyi, ana zura mata wani baƙin abu na roba mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Fulofi ake ce masa, a cikinsa hotunan suke zama. Ya ɗauki babana, ya ɗauki yara, ya ɗauki har kan ragon. Can sai ya jawo ni gefe ya danƙa mini kyamarar, ya nuna mini inda zan danna. Goggo na zaune gaban murhu tana suyar nama. Ya lallaɓa ya je ya tsuguna kusa da ita. Tana jin motsinsa ta kau da kai ta ja mayafi, ni kuma na danna.

Da zai tafi ya zare fulofin ya ba ni, ya ce, "Ke uwar tsiwa, ba wa Goggonki ta ajiye mini. In na koma da shi shago, maigida zai goge ya zuba takardun mutane. Ranar da zan shiga Kano zan zo in karɓa a wanko."

Bai zo ba. Bazarar nan sanƙarau ya shiga Rano, ya kwantar da shi, kafin saƙo ya iso mana an riga an kai shi makwancinsa. A zaman makoki Goggo ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Ita ce ma mai kai wa baƙi ruwa. Mata suna ta yaba mata, wai ga mai kunya, ga mai tawakkali. Wallahi har yau in na tuna yabon nan sai raina ya ɓaci, don ni na san ɗakin da take shiga ita kaɗai bayan an watse. Hoton Haliru ɗaya da aka sani, wanda ke rataye a ɗakin kakarsa, an sauke shi an sa a akwati, gara ta cinye shi tare da zannuwan tsohuwar.

Shekaru suka yi ta tafiya. Na yi aure, na haifi nawa, na zama malamar firamare a Kibiya. Babana ya rasu, yayyena suka watse neman abinci, gidan ya rage daga matan ƙannena sai yara. Goggo na nan a ɗakinta, ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta mulmula ƙuli. Ba ta zuwa biki sai ya zama dole. Da la'asar takan fito da tabarma ta zauna ita da kajinta. Maganar fulofi kuwa ba ta taɓa tayarwa ba, ni ma har na manta da shi.

Shekarar da ta wuce idonta ya fara ba ta matsala. Muka kai ta asibitin ido a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Magani zai rage masa gudu kawai, amma ganin tafiya yake yi. Ta ce yanzu kamar ta cikin hudar kara take kallon duniya, gefe da gefe duk duhu.

Bayan mun dawo, wata ranar Asabar na je duba ta, sai ta ce in sakaya ƙofa. Ta shiga sauke jeren kwanukanta ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga samirar ƙasa, ta ciro wani ƙullin tsumma ta kwance. Ga fulofin nan, yana ta ƙamshin man gyaɗa.

Ta ce, "Jannatu, abin nan na yaron nan. Har yanzu ana iya buɗe shi?"

Na ce, "Goggo, duk shekarun nan yana wurinki ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "In ce me? In ce wa?" Ta shiga shafa tsumman a cinyarta. Can ta ce, "Ina rufe ido in nemo fuskarsa, ba ta zuwa. Ƙeya nake gani da kafaɗu. Sai ya juya zai fita nake ɗaga kai, to bayansa na sani. Ina so in ga gaban kafin fitilar ta mutu."

Na karɓa na sa a jaka, na fito ina share hanci, ina ce wa yara hayaƙi ne.

Ni a zatona aikin yini ɗaya ne. Na nufi wurin masu gyaran waya a Rano. Na farko ya juya shi gaba da baya ya ce, "Hajiya, wannan memori ne ko murfin wani abu?" Na biyu ya ɗauko sukundireba zai ɓalle shi ya ga abin da ke ciki. Na fizge abina na ce, "Kai, Allah ya shirye ka! Kome kuka gani sai kun farke cikinsa?" Suka bi ni da dariya. Na je tsohon shagon da Haliru ya yi aiki, na tarar ana sayar da ruwan leda ana cajin waya. Maigidan ya rasu, 'ya'yansa sun tattara na'urorin tuni sun sayar wa 'yan gwangwan. Wata ƙawata ta ce akwai tsofaffin kwamfutoci jibge a sito na wata makaranta. Muka yi ta zarya kafin a samo mai makulli, da aka buɗe rina suka yi mana maraba. Akwatunan na nan, amma cikinsu wayam, an yashe kome.

A ƙarshe aka kwatanta mini Malam Muntari, mai gyaran rediyo da talabijin a bayan tasha. Dattijo ne mai furfura a gemu, maganarsa ɗaya-ɗaya kamar ana roƙonsa. Ni da nake da gaggawa, mutumin nan ya kusa kashe ni da sanyin jiki. Ya karɓi fulofin, ya ja ɗan ƙarfen bakinsa gefe, ya leƙa ciki ta hasken ƙofa ya daɗe.

Ya ce, "Malama, ya yi fumfuna."

Na ce, "To, sai me?"

Ya ce, "Sai haƙuri."

Na gaya masa na waye ne da abin da ke ciki. Ya ce ya san Haliru, yakan kawo masa fanka gyara. Bai yi mini alkawari ba, ya dai ce in bar shi ya gwada.

Da farko ya sa aka sayo masa wata 'yar na'ura sabuwa daga Kano, wadda ake jonawa a kwamfutar zamani. Ya goge fumfunar da auduga da sifirit, a hankali, yana juya faifan ciki da ɗan yatsa. Da ya zura, abin ya yi ƙas-ƙas, sai kwamfutar ta ce ba ta gane shi ba, ko a goge shi a mai da shi sabo? Ya yi maza ya zare. Ya ce sababbin nan ba su da haƙuri da tsohon kaya, sai an nemo irin na'urar zamaninsa, wadda ake ɗaurawa a cikin akwatin kwamfuta, da akwatin da zai karɓe ta.

Nan fa aka shiga yawo. Muka je filin wani dillalin gwangwan, Alhaji Dalhatu, a bayan gari. Tsibin ƙarafa ne ya fi ni tsawo, ga rana, ga kunama. Ni da hijabina ina tona bola, ɗalibaina na dā suna wucewa a babur suna gaishe ni. Muka tsinci irin na'urar guda uku. Biyu tsatsa ta gama da su, ta ukun zanzaro ya yi gini a bakinta. Malam Muntari ya kakkaɓe ta ya sa a aljihu yana murmushi, ranar na fara ganin haƙoransa. Akwatin kuwa a Zinyau aka same shi, gidan wani tsohon akawu da ya yi ritaya, matarsa ta mai da shi abin ɗora tukunyar ruwa. Da ƙyar ta yarda, sai da na kai mata kujera 'yar tsugunno a madadinsa. Wayar da ke haɗa su, wata mai faɗi kamar ɗamara, ita ta fi ba mu wuya. Allon kallo mai ƙaton ƙeya kuma wani mai kemis ya ba mu aro.

Tun ana girbin dawa muka fara, har aka fara sharar gona ba mu gama ba. Duk Asabar in na je Nariya sai in tarar ganin Goggo ya ƙara raguwa. Ran nan na same ta tana ɗura mai a kwalba, rabi na zuba a ƙasa ba ta sani ba. Ba ta taɓa tambayata ina aka kwana ba. Abin da take cewa kawai, "Kin zo?" In ce na zo. Sai ta karkato kunne ta jira. In ta ji na shiga zancen makaranta, sai ta ce, "To, madalla," ta koma kan gyaɗarta. Wannan jiran nata ya fi mini ciwo a kan ta yi mini faɗa.

Ran nan sai ga kiran Malam Muntari. Ya ce injin ya tashi, ya gwada shi da wani tsohon fulofi ya karanta. Amma na Goggo fatarsa ta yi laushi, duk juyi ɗaya kankarewa take yi, wataƙila sau ɗaya zai yarda a karanta shi. Zai kwashe abin da ya samu, sai dai bai san ko injin zai sake tashi gobe ba. Ya ce, "Ki zo da ita."

Ranar kasuwar Rano muka je, don ranar ce ake samun mota daga wajenmu ba wahala. Goggo ta sa zanen da take zuwa Idi da shi. A hanya hannunta na riƙe da nawa. Shagon ɗan ƙarami ne, ga tarkacen rediyo har rufi. Babu wuta, don haka ya tayar da ƙaramin janareta a bakin ƙofa. Ƙararsa ta jawo mutane, mai shayi, masu faci, 'yan acaɓa, kowa na son ya ga injin da aka tono daga bola. Kafin ka ce me, ƙofa ta cika da kawuna.

Aka zaunar da Goggo a kan benci dab da allon. Malam Muntari ya yi bisimilla ya zura. Abin ya fara gurnani, ya yi shiru, ya sake. Hoton farko ya ƙi fitowa. Na biyu ya sauko a hankali daga sama, sai ga babana da babbar rigarsa, ya ɗaure fuska kamar yadda ya saba in za a ɗauke shi. Goggo ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ce, "Allah sarki, Yaya." Aka wuce yara, aka wuce kan rago, wasu suka fito rabi, wasu suka ƙi. Gurnanin injin ya fara canzawa, Malam Muntari yana ta goge gumi. Saura na ƙarshe.

Ya sauko layi-layi. Katangar gidanmu, hayaƙin murhu, sai hula. Sai goshi. Sai ga Haliru, ya tsuguna, yana dariya, fuskarsa fes. Ashe ba ni yake kallo ba lokacin da na danna, ya ɗan karkata yana kallon uwarsa, ita kuma ta ba shi ƙeya ta ja mayafi. Daga ƙirjinsu zuwa ƙasa toka-toka ne, ya lalace, amma fuskar na nan. Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Kai! Wallahi Haliru ne mai hoto!"

Na juyo in ga Goggo. Me zan gani? Ta kau da kai. Ta juya fuska ga bango ta ja mayafi, daidai yadda take a cikin hoton.

Raina ya yi mummunan ɓaci. Na ce, "Haba Goggo! Haba don Allah! Wata nawa muna bin bola saboda wannan? Ga shi a gabanki, ki duba mana! Kunyar me kuma ta rage?"

Ba ta motsa ba. Idonta a bango, ga maza cike da ƙofa suna kallon ta.

Malam Muntari ya miƙe. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya ce, "Jama'a, kallo ya ƙare, a ba mu wuri." Ya kora su har bakin titi. Ya dawo ya dube ni ya ce, "Malama, har ke." Na buɗe baki zan yi musu, ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Fito." Muka fito, ya jawo ƙofar langa-langar ya rufe ta a ciki ita kaɗai.

Muka tsaya a rana kusa da janareta, yana ta ɓaɓatu, ba ka jin kome sai shi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Mai shayi ya kawo mini benci na ƙi zama. Can sai janaretan ya yi tari, ya sake yi, ya mutu, mai ya ƙare. Wurin ya yi tsit. A cikin shirun nan muka ji muryarta ta bayan ƙofa, ba ta san ƙarar ta ɗauke ba.

"Haliru. Haliru. Haliru na."

Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, tana jan sa, kamar mai koyon faɗa. Mai shayi ya sunkuyar da kai ya koma wurin tukunyarsa. Malam Muntari ya ɗauko galan da sauri ya tuttula abin da ya rage, ya ja igiya. Na ce masa ai allon ya riga ya mutu, sai an sake tayar da injin. Ya ce ya sani, ƙarar yake so ta dawo mata.

Da ta buɗe ƙofa da kanta, fuskarta a bushe take, mayafi a gyare. Ta yi wa Malam Muntari godiya ta sa masa albarka, ta ciro ƙullin ƙuli daga jakarta ta ajiye masa a kan tebur. Ya ce ya kwashe hoton, za a wanko mata babba. An kuwa wanko, yana cikin samirar ƙasa inda fulofin ya zauna, sai dai kafin damina ta yi nisa ganin nata ya ƙarasa tafiya. Injin ma bai sake karanta fulofin ba.

Amma a ranar, a motar komawa, muna baya a matse tsakanin buhunan taki, sai da muka wuce duwatsun Rano sannan ta matso bakinta kusa da kunnena.

Ta ce, "Jannatu, wannan tabon da ke saman girarsa fa?"

Na ce, "Ai tun yana yaro ne, Goggo. Jaki ne ya kayar da shi a gidan kakarsa, ya faɗa kan dutse. Har ɗinki aka yi masa. Kowa ya san shi da shi, ni ma da shi nake tsokanarsa."

Mota na ta jijjiga mu. Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini."

Muka ƙara tafiya kaɗan. Ta sake matso ni, murya ƙasa-ƙasa don kada na kusa su ji.

"Da ya yi kuka, wa ya ɗauke shi?"

Na ce mata ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta, ba ta sake magana ba har muka sauka a Nariya.